Tambayi Gwaggo: Fatin gama makaranta da abin da ke cikin robar lemo

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka shiga NECO wayata ba ta huta ba, kuma saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, fati, fati, fati. Na zaɓi huɗu. Sunaye na cire kamar yadda muka saba, Sakkwatancin kuwa na bar wa kowa abinsa, Bakanon da bai gane ba ya nemi mai fassara.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni, ina gajiya. Ɗiyata ta, shekarunta 17, tana rubuta NECO yanzu. Ita da ƙawayenta sun matsa wai sai an yi musu fatin sayin-awut, kuma gidanmu sunka zaɓa don muna da hili. Babansu yac ce sam ba gidanai ba. Ni kau tsoro nika ji ta ko'ina, don bara wata fati da anka yi shiyarmu an ce an zuba ma yara wani abu cikin lemu har wata yarinya sai da anka kwashe ta. In na hana ina tsoron su tai wani wuri da ban sani ba, in na bari ina tsoron a shigo min da giya gida, mu da ko kwalbarta ba mu taɓa gani ba. Ƙaƙa za ni yi? Daga uwar ɗiya biyar, Arkilla.

AMSA: Lahiya lau 'yar uwa, Allah shi raya mana su. Maganarki ta ƙarshe ita na fi riƙewa, wai ko kwalbar ba ku taɓa gani ba. To ai nan gizo ke saƙa, domin da kwalba take shigowa da aikinmu ya yi sauƙi, ko maigadi ma ya isa ya tare ta a get. Mu iyaye a Sakkwato mun kwanta da tunanin tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a ba a sayar da giya a fili cikin gari, don haka 'ya'yanmu sun tsira. A fili kam ba a sayarwa. Amma yaron da ke da waya da ɗan kuɗin kabu-kabu ya san lungun da ke da ni ba mu sani ba, kuma abin da zai ɗauko ba irin koren kwalbar nan ba ce da kike gani a fim, 'yar leda ce ƙarama kamar ta man gashi, tana shiga safa, tana shiga aljihun jaka, a ƙarƙashin hijabi kuwa ko goma aka ɗauko ba mai ganewa. Ƙarfinta ne abin tsoron. Giyar kwalba da aka sani barasar cikinta wajen kashi 5 cikin 100 ce, irin mai zafin nan ta leda kuwa tana kai wa kashi 40, ninki takwas ke nan, a juye leda biyu uku cikin robar lemo mai zaƙi mai sanyi yarinyar da ba ta taɓa sha ba ta ɗaga ta shanye tana ganin lemo ne ya ɗan yi ɗaci. Dalilin yara ne ma hukumar NAFDAC ta ba kamfanoni wa'adin shekara 5 tun 2018 su daina zuba giya a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba, a watan Fabrairun 2024 ta fara kame, masu kamfanoni suka yi ca, aka yi ta ja-in-ja ana ɗaga wa'adi. Kin san ƙasar tamu, doka daban kasuwa daban.

Kuma in gaskiya za a faɗa, a nan wajenmu abin da aka fi zuba wa lemo ba ma giyar ba ce, sirof ne, maganin tarin nan mai kodin, sai tramol, sai ƙwayar barcin da suke kira rochi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sirof mai kodin da shigo da shi, kwana ɗaya tak bayan BBC ta saki binciken da ta yi a kai, amma duk wanda ke share kwata a unguwa ya san kwalaben ba su ƙare ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, giya da taba ba sa cikin lissafin ma, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Na kawo wannan ne saboda masu ce min ai tawa mace ce Gwaggo, ba ruwanta.

To yanzu mi za ki yi. Ra'ayina, wanda na san wasu za su rubuto su zage ni a kai, shi ne gara a yi a gidanki kina tsaye, da a yi a wani ɗakin otal ko gidan da iyayen suka yi tafiya. Yaran nan in suka ƙudurta abu karo-karo suke yi, kowa dubu biyu dubu uku, kafin ki farga an kama wuri, ke kuma an ce miki za a je gidan su wance a yi lalle. Amma maigida ba a tsallake maganarsa, kuma yana da hujja, kalmar fati kawai ta isa ta tada masa hankali, yana hango dije da samari da maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi ya huta, ki ce masa Alhaji ba fati za a yi ba, walima za mu yi wa yarinya ta gama sakandare lafiya, mata zalla, daga bayan la'asar a watse kafin kiran magariba, ni da gwaggonninta muna wurin. Wannan ba wayo ba ne, abin da za ki yi ɗin ke nan da gaske. In ya so ma a kira malamar Islamiyyarsu ta buɗe da addu'a, za ki ga masu niyyar shigo da wani abu sun fara janye jiki tun daga nan.

Sai ki zaunar da ita ta rubuta miki sunan duk wadda za ta zo, ki ce mutum 15 ko 20, abin da idonki zai iya ɗauka, ba a zo da ƙawar ƙawa ba, kuma kada a ɗora gayyatar a sitatus na WhatsApp don da zarar ta hau can kin gayyaci rabin gari. Za ta yi kumburi, za ta ce Mama kin cika takura, ki bar ta ta kumbura. Abin da ya fi wannan wuya, kuma shi iyaye ke gudu, shi ne ki karɓi lambar uwayen ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ne, Hajiya ni ce maman wance, ranar Asabar ɗiyarki za ta zo gidana ƙarfe huɗu, shida da rabi za ta taso, wa zai zo ɗaukarta? Kin kashe tsuntsu biyu, uwar ta san inda ɗiyarta take, ita kuma wadda ta yi niyyar ta laɓe da sunan gidanki ta wuce wani wuri hanyar ta toshe.

Abin sha kuwa duk daga hannunki zai fito. Ki dama soɓo da kunun aya da kanki, lemon roba ki saya katan ki zuba a kula da ƙanƙara, ki sanar tun farko ba mai shigowa da nasa, ko ruwan leda ne. Jakunkuna a aje a ɗakinki, ki ce don kada wani abu ya ɓace, ba ƙarya kika yi ba. Ƙofa guda, kuma wadda ta fita ta fita ke nan, ba shiga da fita, domin yawanci kayan ba sa cikin gida, suna cikin wata mota da aka faka a bakin layi ko wurin wani saurayi da ke zaune kan mashin yana danna waya.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Shekara uku da suka wuce aka yi wa ɗiyar ƙanwata irin wannan, aka ce ni ce mai gadin kula. Zafi ake kamar me, kula cike da lemo mai sanyi, kowa na ɗiba, sai na lura da wasu 'yan mata huɗu a can gindin dogonyaro, roba guda ce ke yawo a tsakaninsu, wannan ta kurɓa ta miƙa wa waccan, a hankali a hankali kamar masu shan magani. Na ce a raina wa ke raba lemo guda da mutum huɗu alhali ga kula a buɗe? Na ɗauki faranti na cincin na nufe su ina wasa da dariya, na ce kai wannan ai ya huce kawo in canza muku mai sanyi, na sa hannu na ɗauke kafin su yi wani motsi. Launin ya yi duhu fiye da na sauran, ya yi kauri, a gindin robar akwai wani abu mai danƙo, ƙanshin kuma na maganin tari ne sak. Ban yi ihu ba, ban tara mutane ba. Mai robar na ja ɗaki, ta yi ta rantsuwa tana kuka, na ce share hawayenki ba dukanki zan yi ba, na zaunar da su huɗun kusa da ni har aka tashi ina kallon numfashinsu, na sa aka kai kowace har ƙofar gida. Washegari na je wurin uwar. Wallahi ba ta karɓe ni da daɗi ba, har da cewa ana baƙin ciki da ɗiyarta. Bayan kwana tara ta zo gidana da kanta, ta samu kwalabe shida a bayan sif.

Ba cewa na yi ki kafa kujera a tsakiyarsu kina zare ido ba, wannan sai su tsani taron su tsane ki. Ki riƙa shigowa da dalili, yanzu kin kawo masa, an jima kin zo kwashe kwanuka, gwaggo guda tana wajen banɗaki tana ta hira a waya, ido dai na aiki.

In kuma Alhaji ya kafe ya ce a'a, to a'a ɗin ce, kada ki yi a ɓoye. Sai dai aikinki bai ƙare ba, don fatin za a yi ta ko da ɗiyarki ko babu. In za ta je ta wani gida ki tambayi wane babba ne zai kasance a wurin, ki kira shi ki ji muryarsa, ki kai ta da kanki ki shiga ki gaisa da matar gidan. Akwai wata ƙasa can ƙarshen Turai, Aislan, a 1998 kashi 42 cikin 100 na yaransu 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun yi maye a watan da ya gabata, zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Ba wani sihiri suka yi ba, sun sa dokar lokacin da yaro zai kasance a gida da dare, sun cika wa yara lokaci da wasanni, sannan iyayen 'yan aji guda suka riƙa haɗuwa suna sa hannu a yarjejeniya cewa ba fatin da za a yi babu babba a wurin. Da na karanta sai na yi dariya, ai wannan shi ne zaman shiyya da muka taso a ciki, lokacin da matar maƙwabci za ta tsinka miki mari a hanya ki koma gida a ƙara miki. Mu muka yar, su suka tsinta. Ku buɗe guruf na uwayen ajin, ko ku biyar ne.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki. Mun tahi Umra ni da iyali kwana 14, munka bar yaro ɗan shekara 16 da wanshi da maigadi. Da munka dawo maƙwabta sunka ce kwana biyu ana kiɗa gidan har tsakad dare. Nij je bayan bos kwata nis samu ledojin giya da kwalaben sirof cikin buhu. Na ba shi kashi ƙwarai, har yau bai ce komi ba. Wani abokina yac ce in kai shi gidan mari a gyara min shi, wani yac ce Hisba. Wallahi kunya ta hana ni hita masallaci. Daga wani uba, Mabera.

AMSA: Alhaji sannu da dawowa, Allah shi karɓi ibada, kuma Allah shi sanyaya maka. Masallaci kam ka fita, ba kai ne na farko ba, a sahun da kake tsayawa akwai masu irin damuwarka sun fi uku, kowa ya yi shiru ne kawai.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gida babba, jen da mai, firij cike, kuɗin cefane a hannu, kwana 14 ba uwa ba uba, ai ko yaronka bai nemi fati ba fati za ta neme shi. Abokai suna sanin gidan da iyaye suka yi tafiya tun kafin jirgi ya tashi. Wan nasa shekara nawa ya ba shi, uku? huɗu? wataƙila ma tare aka yi, ko an ba shi na kati ya kau da kai. Maigadi kuwa kada ka kore shi a kan wannan, bawan Allah da ke karɓar albashi a hannunka ba ya iya ce wa ɗan mai gida da baƙinsa ba ku shiga, sai in kai ka ba shi wannan ikon a gaban yaran, ka ce duk wanda ya zo bayan isha'i a kira ni ko ina Makka. Gaba in za ku yi tafiya ka ɗauko kawunsu ko gwaggonsu mai faɗa ta kwana a gidan, ko ka kwashe su ka kai gidan kaka ka kulle naka, ka kuma gaya wa maƙwabci guda da bakinka cewa na ba ka amana, in ka ji motsi ka shiga. Maƙwabtanka sun ji kiɗa kwana biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa, saboda ba ka ba su fuska ba.

Duka an riga an yi, ya wuce, kada a ƙara. Ka ga abin da ya haifar, shiru. Kai kuma yanzu magana kake buƙata, domin akwai tambayar da ba ka san amsarta ba: shi ya sha ko gidan kawai ya bayar, in ya sha yau ya fara ko ya daɗe, kuma mi yake sha. Yaron da ya kurɓa sau ɗaya don kada a ce masa ɗan Mama daban yake da wanda jikinsa ya riga ya saba, maganinsu ba ɗaya ba ne. Ka ɗauke shi a mota ku biyu, ku kama hanyar Wamakko ko Kware, kana tuƙi ba ka kallon idonsa, yara maza sun fi buɗe baki a haka. In ba zai iya da kai ba, akwai wanda yake jin nauyinsa kuma yake sakewa da shi, kawu ko malaminsa, a tura shi. Ka tuna mutumin nan da aka riƙa kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, har wani sahabi ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa, a wata ruwayar kuma ya ce kada ku taimaki shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Haramcin na nan daram, aya ta 90 a Ma'ida, kuma duk abin da ke sa maye hukuncinsa ɗaya ko a leda yake ko a kwalbar kemis, yaron ma ya sani, ya yi Islamiyya. Abin da bai sani ba shi ne ko har yanzu yana da uba.

Ba ina rage girman abin ba ne. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen gaba mai auna abu kafin a aikata shi ne ke zuwa ƙarshe, shi ya sa ɗan 16 ke da ƙarfin babba da lissafin yaro. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna wanda ya fara shan giya kafin shekara 15 ya fi wanda ya kai 20 kafin ya fara shiga haɗarin kamuwa da jarabarta kusan ninki huɗu. Don haka lokacin tsayawa a kansa yanzu ne.

Gidan mari kuwa, Alhaji don Allah a'a. Ba mu manta 2019 ba, da 'yan sanda suka buɗe irin gidajen nan a Kaduna da Daura aka fito da mutane ɗaruruwa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala, har da ƙananan yara. Hisba suna nasiha da sulhu, kuma in ka gano mai sayar wa yaran to su da NDLEA ne wurin kai ƙara, amma in jikin yaro ya saba likita yake buƙata. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware nan kusa, ga UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, cikin gari, zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. Kuma ka kiyaye, wanda ya daɗe yana shan giya kullum ko ƙwayar barci irin rochi, in aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa lokaci guda yana iya kama jijjiga, har a rasa rai, a hannun likita ake saukowa a hankali. Ka lura da barcinsa, da ƙaiƙayin jiki, da magana a ja kamar mai jin barci, da cingam da turaren da suka yi yawa, da kuɗin da ke ɓacewa a gida. Kuɗin kashewa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kuma hutun nan kada ya zauna, ka tafi da shi kasuwa ko gona ya dawo a gajiye.

TAMBAYA: Gwaggo don Allah kada ki sa sunana. Mun je bazde na wata ƙawarmu, wata cikinmu tas sha wani abu ta faɗi tana jijjiga kumfa na hita bakinta. Wasu sunka ce aljanunta na sunka tashi. Munka zuba mata ruwan sanyi, munka ɗura mata madara da manja, munka kulle ta ɗaki don kada manya su ji. Ta farka da asuba. Har yau ban iya barci in na tuna. Mi ya kamata mu yi? Daga ɗiyarki, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗiyata, Allah ne kawai ya tsare, kuma na ji daɗi da kika tambaya. Kusan duk abin da kuka yi zai iya kashe ta. Ba faɗa nake miki ba, manya ma haka suke yi.

Jijjigar nan da kumfa, tramol na kawo ta, ba sai mai aljanu ba. Giya da kodin da rochi kuwa dukansu rage numfashi suke, in aka haɗa biyu a ciki guda sai mutum ya yi ta barci numfashin na raguwa har ya tsaya, mutane na waje suna cewa a bar ta ta huta. Kuma ko an daina sha, abin da ke cikin ciki yana ci gaba da shiga jini, wadda kika bari tana magana bayan rabin awa tana iya fin haka muni. Madara da manja ba sa karya komai, wanda ba ya cikin hayyacinsa in aka ɗura masa abu huhu yake tafiya. Ruwan sanyi ba ya farkar da mai maye, jikinsa ne ma zai ƙara yin sanyi. Sa yatsa a maƙogwaro don ta yi amai shi ma haɗari ne.

Abin yi shi ne ki kwantar da ita a gefenta, ba rigingine ba, ki tanƙwara gwiwar sama don kada ta mirgina, ki ɗan ɗaga haɓarta, in amai ya zo sai ya zubo waje. In tana jijjiga kada a danne ta, kada a cusa mata cokali a baki, a janye abin da zai ji mata ciwo kawai. Kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya. In kin kira sunanta kin girgiza ta ba ta farka ba, ko numfashinta bai kai sau 8 a minti ba, ko tana yin shiru na daƙiƙa 10 tsakanin numfashi da numfashi, ko leɓenta ya canza launi jikin ya yi sanyi, ko ta yi jijjiga, to ba sauran shawara, a tare Keke Napep ko motar kowa a yi asibiti, Specialist ko UDUTH ko duk wanda ya fi kusa. Ku ɗauki robar ko ledar da ta sha ku tafi da ita, ku gaya wa likita gaskiya, don kodin na da allurar da ke karya shi cikin mintuna in an san shi ne. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Na san abin da ya sa kuka kulle ƙofa, tsoron a ji ne. To ki auna, faɗan kwana uku da ɗaukar gawa wanne ya fi? Ki nemi babba guda tun yau, Mama ko yaya ko anti, ki ce in na kira ki da dare na ce zo ki ɗauke ni, ki zo, tambaya sai da safe. Ku kuma uwaye masu karanta wannan ku riga su faɗa. Sannan duk inda kika je, lemon da ba ke kika fasa murfinsa kika ji ƙarar zoben ba kada ki sha, wanda kika aje kika tashi kin bar shi ke nan, kuma ita ƙawar taku tana buƙatar wani babba ya sani, ko ba uwarta ba.

TAMBAYA: Gwaggo gidan da ke jikin namu mai shi na aiki Abuja, matar ta bi shi, yara ɗai ag gidan. Duk daren Asabar motoci da 'yan mata. Ba mu saba da mutanen ba. In yi magana ko in kama bakina? Daga maƙwabciya, Gawon Nama.

AMSA: Ki yi magana Hajiya, gobarar da ke jikin katangarki ce. Amma ba a guruf ɗin unguwa ba, ba kuma bidiyo za ki ɗauka ki yaɗa ba, akwai 'ya'yan mutane a ciki. Ki nemi lambar matar wurin maigadinsu ko mai unguwa, ki kira ta, ki fara da gaisuwa da ban haƙuri, ki faɗi abin da idonki ya gani kawai, ranar kaza motoci kaza har ƙarfe kaza, ban da an ce an ce. Tana iya yi miki godiya, tana iya kashe waya a kunnenki. In Asabar biyu ta wuce ba abin da ya canza, maigidanki ya samu liman da mai unguwa su kira uban. Lambar taki kuma ki ba babbar ɗiyar gidan, ki ce mata in wani abu ya faru da dare ƙofarki a buɗe take, ko ƙarfe nawa ne.